Anne Mai Jan Gashi: Marainiyar da Ba Ita Aka Aika a Ɗauko Ba

 Yau za mu je Kanada, daga can mu zarce Japan, duk saboda wata yarinya 'yar shekara 11, siririya, mai jan gashi da surutun da ba ya ƙarewa. Sunanta Anne Shirley. Ba a taɓa haifar ta ba, a littafi aka ƙirƙiro ta, amma yau sama da shekara ɗari ke nan mutane suna ƙetare teku don su ga gidan da aka ce ta zauna.

Sunan littafin Anne of Green Gables, ya fito a shekarar 1908. Ga yadda labarin ya fara. Wani dattijo manomi mai suna Matthew da ƙanwarsa Marilla suna zaune su biyu a gidan gona, babu wanda ya taɓa aure a cikinsu. Ƙarfin Matthew ya fara ja baya, sai suka aika gidan marayu a ba su yaro namiji da zai taimaka da aikin gona. Ranar da aka yi alkawari Matthew ya ɗaura keken doki ya tafi tashar jirgin ƙasa. Bai tarar da yaro ba. Yarinya ya tarar, zaune da tsohuwar jakarta, tana jira. Shi kuwa mutum ne mai tsananin kunya, ko magana da mata ba ya iyawa, ya kasa buɗe baki ya ce mata kuskure aka yi. Sai ya ɗauko ta kawai. Tun daga tasha har gida tana zuba, tana raɗa wa bishiyoyi da tafki sababbin sunaye, shi yana saurare. Kafin su isa gida ta shiga ransa.

Marilla ta ce sam, a mai da ita. Wane amfani yarinya za ta yi musu? Matthew, wanda ba ya jayayya da kowa, ya juya tambayar, ya nuna mata cewa wataƙila su ne za su yi wa yarinyar amfani. A ganina, masu sauraro, duk littafin a kan wannan juyi ya tsaya. Kafin ta zo nan, Anne ta zauna a hannun mutane biyu, kowannensu aikatau ya ɗauke ta yi. A gida guda ma tagwaye har haihuwa uku ta yi reno. Duk wanda ya san rayuwar 'yar riƙo ya san wannan lissafi: ana duba me za ta iya ɗauka, ba a tambayar me ke ranta.

Akwai wani wuri da nake so ku ji da kyau. Wata rana abin adon Marilla na maƙalawa a riga ya ɓace, wanda ta gada daga mahaifiyarta. Ta zargi Anne. Yarinya ta ce ta taɓa shi, amma ta mayar. Marilla ta kulle ta a ɗaki, ta ce ba za ta fito ba sai ta amsa laifi, ga shi kuwa ana gab da wata walimar yara da Anne ta daɗe tana ɗoki. Sai ta shirya ƙarya tsaf, ta ce ita ta ɗauka, ya faɗa mata a tafki. Aka ƙara fusata da ita, aka hana ta fita. Can anjima Marilla ta ɗauko mayafinta za ta gyara, sai ga abin adon maƙale a jiki. Dattijuwar nan ta hau sama, ta amsa cewa ita ta tura yarinyar ga ƙarya, ta nemi su yafi juna. Babba ta amsa kuskure a gaban marainiya, a littafin da aka rubuta a zamanin da littattafan yara wa'azi ne zalla ga yara. Shi ya sa idan aka ce mini labarin tarbiyyar Anne ne, nakan ce rabin magana aka faɗa. Marilla ma an yi mata tarbiyya.

Marubuciyar, a taƙaice. Lucy Maud Montgomery, an haife ta a 1874 a tsibirin Prince Edward da ke gabashin Kanada, inda labarin Anne ya gudana. Mahaifiyarta ta rasu da tarin fuka kafin ta cika shekara 2, mahaifinta ya tafi yamma ya bar ta wajen kakanni masu tsanani a ƙauyen Cavendish. Ta yi koyarwa, ta dawo ta riƙe kakarta da ƙaramin gidan wayan da suke kula da shi. Ta rubuta littafin, kamfanoni suka yi ta mayar mata da shi, ta cusa shi a kwalin hula ta bar shi. Daga baya ta sake ɗaukowa, kamfanin L. C. Page na Boston ya karɓa. Cikin wata 5 an sayar da kwafi 19,000.

To, yanzu ga abin da ya sa na zaɓi wannan littafi a yau. Mu tafi Tokyo.

Akwai wata mata 'yar Japan, Hanako Muraoka, haifaffiyar 1893, 'yar talakawa ce daga Kofu. Mahaifinta ya yi ƙoƙari ya samo mata gurbi a makarantar 'yan mata ta Toyo Eiwa, wadda 'yan mishan na Kanada suka kafa a Tokyo. A nan ta koyi Turanci har ta gwanance. Ta zama mai fassara littattafai. Ta yi rashin ɗanta yana ƙarami, a 1926. Kuma, abin da ya ƙara jawo ni gare ta, ita ma ma'aikaciyar rediyo ce: daga 1932 ita ke karanta wa yaran Japan labaran duniya, har yara suka san ta da innar rediyo. Muryarta ta shiga gida-gida.

A 1939, da alamun yaƙi suka bayyana, Turawa suka fara barin Japan. Wata abokiyar aikinta 'yar Kanada, Loretta Shaw, da za ta tafi, sai ta miƙa mata littafinta na Anne a matsayin kyautar bankwana. Ba su sake haɗuwa ba. A 1941 Japan ta shiga yaƙi da Amurka da Ingila da Kanada, Hanako ta ajiye aikin rediyo. Turanci ya zama harshen abokan gaba. Duk wanda aka gani da littafin Turanci, ido ya koma kansa. Ita kuwa a cikin wannan hali ta zauna tana fassara labarin marainiyar Kanada, shafi bayan shafi, a ɓoye. Ku tuna da irin ruwan bama-baman da aka yi wa Tokyo a 1945, inda a dare ɗaya na watan Maris mutane wajen 100,000 suka hallaka. Idan jiniya ta yi kuka, sai ta ƙunshe littafin da takardun fassararta a ƙyalle, ta ruga da su ramin fakewa. Ku ɗan tsaya a nan, masu sauraro. Gari na ci da wuta, mace na gudu, kuma cikin abin da ta zaɓa ta tsira da shi akwai labarin yarinyar da ta rina gashinta don ya zama baƙi ya koma kore, yarinyar da ta fasa allonta a kan wani yaro don ya kira ta karas.

Yaƙi ya ƙare, fassarar ta yi shekaru a ajiye. Sai a 1952 aka buga ta da sunan Akage no An, wato Anne mai jan gashi. Ƙasar da aka buga ta a ciki kuwa cike take da marayu da zawarawa da gidajen da suka rushe. Labarin yarinyar da ba ta da kowa, amma ta ƙi yarda cewa ba ta da daraja, ya faɗo daidai wurin da ake jin ciwo. 'Yan matan Japan suka rungume ta. A 1979 Isao Takahata ya mai da labarin zanen talabijin mai kashi 50, a 2014 kuma tashar NHK ta yi wasan kwaikwayo a kan rayuwar Hanako kanta. Har yau 'yan Japan na tururuwa zuwa Cavendish, wasu ma a can suke ɗaura aure. Ita Hanako ta rasu a 1968 ba ta taɓa taka tsibirin ba.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai inda littafin ke damuna. A ƙarshe Anne ta ci jarrabawa, ta samu tallafin karatun jami'a, sai Matthew ya rasu, idon Marilla ya fara lalacewa. Ta ajiye gurbin, ta zauna ta kula da tsohuwar. Masu karatu sun daɗe suna gardama a kai. Wasu na cewa an sake danne hazaƙar 'ya mace. Ni ina jin zafin abin, amma ina ganin ba tilasta ta aka yi ba, kuma a littafi na uku ta je jami'ar ta gama. Abin da ba zan kare ba shi ne irin raini da wasu mutanen labarin ke yi wa yaran Faransawan tsibirin da marayun da ake kawowa daga Ingila, kuma marubuciyar ta bar shi ya wuce ba tare da ta tanka ba.

Lokaci na neman ƙure mana, bari in gaggauta. Mutanen Suwidin sun fassara shi tun 1909, kuma Astrid Lindgren, babbar marubuciyar yaransu, tana cikin waɗanda suka taso da shi. A Polan ma ya samu karɓuwa tun da wuri. Yau yana cikin harsuna sama da 30, an sayar da kwafi wajen miliyan 50. An yi fim a 1919 da 1934, sai na talabijin a 1985, sai Anne with an E a 2017. Ita Montgomery ta yi shekaru tana shari'a da kamfanin Page kan haƙƙinta, kuɗin fim na farko ko kwabo ba ta gani ba, kuma ta yi fama da ciwon damuwa har rasuwarta a Toronto a 1942. An mai da gawarta Cavendish, can aka binne ta.

Nan za mu tsaya.