Aikin Masanin Tarihi da Abin da Kudancin Kano Ke Jira

Yau kudancin Kano muka nufa, za mu duba wata sana'a da iyaye ba su cika yi wa 'ya'yansu sha'awarta ba, wato aikin masanin tarihi.

A farkon 1903, rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland ta gamu da turjiya a Bebeji, kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Duk mai son sanin abin da ya faru a Bebeji a lokacin, tafiya biyu ce a gabansa. Ta farko zuwa Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da kuma Arewa House, wadda marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, inda zai wuni yana buɗe tsofaffin fayil, ƙura na shaƙe shi. Ta biyu zuwa zauren dagaci. A can zai durƙusa ya yi gaisuwa, ya ba da goro, ya jira dattijo ya ga damar magana, wani lokacin sai an yi sallar la'asar. A waɗancan fayil, Bature ya rubuta abin da zai faranta wa na sama da shi. Dattijo kuma zai faɗi abin da ya ji a bakin kakansa, har da ɗan gishiri. Masani ne zai zauna tsakani ya auna, kuma nan ne wahalar aikin take.

Da irin wannan haƙuri marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya fitar da littafinsa kan Katsina a 1981, Adamu Fika kuma ya fitar da nasa kan Basasar Kano a 1978.

Hanyar zama masanin tarihi doguwa ce: digiri, da na biyu, da na uku, sannan koyarwa a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ko aiki a Gidan Makama. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuɗin motar zuwa ƙauye kuwa sau da yawa daga aljihu ne. An ma taɓa cire darasin tarihi daga manhajar firamare, abin takaici, sai da aka yi shekaru kafin a maido shi.

Ga aiki jibge a kudancin Kano. Akwai haƙar kuza a Riruwai ta Doguwa, da hare-haren Ningawa da suka addabi kudancin Kano a ƙarni na 19, da gonaki da matsugunan da ruwan Tiga ya shanye bayan an gama dam ɗin a 1974. Waɗanda suka ga tashin mutanen Tiga da idonsu suna nan da rai, amma sun tsufa.

Ɗalibanmu na Kiru da Tudun Wada, wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku je ku gaishe da kakanninku wannan makon, ku tambaye su, ku naɗa, ku rubuta ranar da kuka yi hirar.