Diyyar Ciwon Kafaɗa Bayan Allurar Rigakafin Mura a Amurka

A Amurka, wanda kafaɗarsa ta sage bayan allurar rigakafin mura yana iya neman diyya a kotun tarayya ba sai ya ɗora wa kowa laifi ba. Tun 2017 aka sanya raunin cikin jerin waɗanda ake biya, muddin ciwon ya soma cikin awa 48, ya haura wata shida, aka kuma shigar da ƙara kafin shekara uku su cika. Kuɗin daga harajin senti 75 na kowace allura suke fitowa. Wasu kan ce biyan diyya shaida ce cewa rigakafin na da illa. Ba haka ba ne: galibi allurar ce aka soka can sama, ta shiga gaɓa maimakon tsokar damtse. Kuskuren hannu ne, maganinsa horar da masu yin allura.