Buhu, Kwando da Ruwan Tiga: Auna Arzikin Ƙasar Kura

Garin Kura yana kan titin Kano zuwa Zariya, tafiyar kimanin kilomita 30 daga birni, kuma arzikinsa a yau da ruwa yake tafiya. Ruwan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Babban kanal ne ke ɗauko shi, ya rabu gabas da yamma, ƙananan kwatoci su rarraba shi cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Gangare kaɗai ke tura shi. An tsara kashin farko na wannan aikin ban-ruwa ya shayar da hekta 22,000, daga baya kulawarsa ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Abin da ke kan takarda ke nan. Amma hekta ba ta faɗin abin da ke shiga tukunyar gida. Nawa wannan ƙasa ke samarwa a shekara? Hannun wa yake faɗawa? Nawa ke kwana a gari, nawa ke shiga mota ya tafi? Waɗannan tambayoyi uku su ne auna tattalin arzikin al'umma, kuma sun girmi Tiga nesa ba kusa ba.

Kafin a san Kura da shinkafa, da baba aka san ta. Garin marina ne da mabuga. Rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, da turkuɗi, daga nan ake ɗaukarsu har cikin hamada, inda Buzaye ke naɗa su. A watan Fabrairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano ya zauna 'yan makonni yana tambaye-tambaye. Ya ƙiyasta cewa tufafin saƙa da rini da ƙasar Kano ke fitarwa waje sun kai aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Wuri miliyan 300. Da nan ya tsaya, da adadin ya zama abin jinjina kai kawai. Sai ya kawo adadi na biyu: da wuri 50,000 zuwa 60,000, in ji shi, magidanci zai riƙe iyalinsa shekara guda cikin rufin asiri, har da sutura. Idan aka raba na farko da na biyu, cinikin tufafi kaɗai ya isa ya ɗauki gidaje 5,000 zuwa 6,000 daga kaka zuwa kaka.

Ƙiyasin baƙo ne, kuma na ƙasar Kano ne baki ɗaya, Kura na ciki. Amma dabarar tana da kyau ƙwarai, har gobe ana amfani da ita: a ɗauki babban adadi, a mayar da shi abin da gida ɗaya ke ci. Kuɗi sukan canza fuska, wuri ya koma sulai, sulai ya koma naira, naira ta yi ta zubewa. Tambayar kwano nawa na hatsi aikin yini ɗaya ke saya kuwa, tana nan yadda take.

Masarauta ma tana da nata awon. Barth ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace karofi wuri 700, ga kuma kuɗin rafi a kan kayan lambu. Mai karɓar kuɗin karofi dole ya san yawan ramukan rini na kowace marina. Da Turawa suka zo, sai aka fito da malaman taki, masu zagaya gona suna ƙirga takunsu don a yanka haraji. Duk wannan ƙidaya ta karɓa ce, shi ya sa ta bar tabo. Har yau idan baƙo ya zo da takarda da biro ya tambayi manomi buhu nawa ya samu bana, amsar da zai fara ji ita ce, «Alhamdu lillahi, an samu daidai gwargwado.» Akwai kunya a ciki, akwai gudun baki, akwai kuma tunanin me za a yi da amsar. Idan ana zaton haraji ne, adadin ya ragu. Idan an ji ƙishin-ƙishin rabon taki ne, gonar ta ƙara faɗi. Mai awon da bai san wannan ba, ya ɓata tun kafin ya buɗe littafi.

Awon zamani daga gona yake farawa, kuma a baki lissafin mai sauƙi ne: faɗin abin da aka shuka, sau abin da kowace hekta ta bayar, sau farashi. Faɗin gona shi ne ya fi sauƙin samu yanzu, domin hoton tauraron ɗan'adam yana nuna kore da busasshe, kuma da rani, lokacin da ƙasar da ke kewaye ta yi fari, gonakin kanal sukan fito fili. Abin kiyayewa shi ne gona ɗaya tana haihuwa sau biyu, wani lokaci uku. Da damina shinkafa ce. Da sanyi ya shigo sai alkama, tumatir, albasa, masara, wasu kuma su maimaita shinkafar. Abin da ake shukawa yana bin siyasar ƙasa: da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, alkama ta yi daraja, da aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990 ta ja baya. Haka shinkafa ta yi tashe lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

Matsalar tana ga mudu. A wannan ƙasa da buhu ake magana, da kwando, da kwano, da tiya. Buhun shanshera da aka ɗinke ranar bugu, da ɗanyantakarta, ya fi nauyin wanda ya sha rana, alhali shinkafar da ke cikinsa ba ta fi yawa ba. Wani buhun an cika shi daidai baki, wani an ɗora masa hula. Kwandon tumatir kuwa, akwai babba akwai ƙarami, akwai wanda aka cika har sama, akwai wanda aka yi wa gyara. Duk mai son mayar da wannan zuwa tan, sai ya ɗauki sikeli ya je bakin gona ya auna buhu da yawa, a wurare da yawa, kafin ya amince da matsakaicin nauyi. Kuma shanshera ba shinkafar tukunya ba ce: bayan casa, kusan kashi 1 cikin 3 na nauyinta ya tafi a buntu da dusa.

Farashi ya fi mudu wuyar kamawa. A kasuwar Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke lodin tumatir zuwa Mile 12 a Legas da sauran biranen kudu, kuɗin kwando da hantsi daban, da la'asar daban. Motoci sun yi yawa, kaya ya tashi. Kaya ya yi yawa, mota ta yi ƙaranci, manomi ya sayar a yadda dillali ya ce, ko ya kwashe ya je ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. Wanda ya ɗauki farashin rana ɗaya ya ninka da amfanin shekara, lissafinsa ba zai tsaya ba. A 2016 aka ga iyakar abin, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina. Kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, amma yawancin manoma ba su da kwandon sayarwa. A shekarar ce kuma masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, ta buɗe ta kuma tsaya saboda rashin kaya. Tan 1,200 ƙarfin inji ne. Abin da ya shiga injin, shi ake rubutawa a lissafin arziki.

Bayan an san abin da gona ta bayar, sai a cire abin da ta ci. Fiƙihu ya daɗe da sanin wannan, tunda zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar 1 ce cikin 10, wanda aka sha wahalar ban-ruwansa kuwa 1 cikin 20. Manomin Kura yana biyan iri, taki, maganin feshi, hayar gona idan ba tasa ba ce, kuɗin ruwa, huɗa, dashe, cirar ciyawa, korar tsuntsu, yanka, bugu, shiƙa. A nan ne lissafin manomi da lissafin gari ke rabuwa, kuma nan ne zuciyar maganar. A wajen manomi, kuɗin taki da kuɗin ƙwadago duk kashewa ne. A wajen gari, akwai bambanci babba. Kuɗin taki da man fetur mafi yawansa fita yake yi, ribar mai shago kawai ke saura. Kuɗin ƙwadago kuwa yana komawa hannun saurayin da ya yi jingar dashe, shi ya ci abinci wajen mai tuwo, ita ta sayi itace, mai itace ya biya tela. Naira ɗaya ta yi aiki sau huɗu kafin ta bar gari. Ƙauyuka biyu za su iya noma buhu daidai wa daida, ɗaya ya fi ɗaya walwala, saboda a ɗayan kuɗin ya fi daɗewa yana zagaya.

Hanyar ganin wannan ita ce a bi buhu ɗaya a ƙirga hannuwan da suka taɓa shi. A ƙaddara manomi ya sayar da shanshera ta naira 100. Wata mata ta saya, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kai inji aka cashe, ta tsince, ta sayar 130. Ɗan kasuwa ya kai birni ya sayar 150. Wanda ya tara 100 da 130 da 150 ya ce an yi arzikin 380, ya ƙirga shinkafa ɗaya sau uku. Gaskiyar ita ce 150: na gona 100, na gyara 30, na fatauci 20. Abin da kowane hannu ya ƙara, shi kaɗai ake tarawa. A cikin 30 ɗin nan ma akwai rabon mai itace, da mai inji, da ɗan dako, da mai kura.

Wannan hannu na tsakiya, hannun mata, shi ne ya fi ɓacewa a ƙididdiga. Kura ta yi suna a gyaran shinkafa, kuma babban ɓangare na aikin a bayan katanga ake yinsa: tukwane da ganguna a kan murhu tun asuba, tabarmi da leda shimfiɗe a tsakar gida, yara na kai da kawowa. Ba shago, ba rajista, ba rasit. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kira irin wannan ɓoyayyen ciniki, ta nuna cewa hatsi da abinci masu yawa a cikin gidaje suke sauya hannu ba su taka kasuwa ba. Namiji mai ƙidaya iyakarsa zaure, domin gidan ba-shiga ne. Idan ya tambayi maigida sana'ar matarsa, sau da yawa zai ji «ba ta komai», alhali tana da jarinta, tana zubin adashi, wani lokaci ita ce ta ranta masa kuɗin taki. Awon da babu mata masu shiga gida a cikinsa ya bar ɗimbin arzikin Kura a waje.

Tambaya sau ɗaya ma ba ta isa, don ba wanda ke riƙe kashe-kashen wata takwas a ka. Wani mai bincike, David Norman, da abokan aikinsa na Samaru, a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau, a tsakiyar shekarun 1960, sun riƙa komawa gidaje ɗaya-ɗaya a kai a kai har shekara ta zagayo. Aiki ne mai tsada da cin rai, amma da shi ake ganin watan da rumbu ke ƙarewa da watan da ake cin bashi.

Sai yawan mutanen da za a raba wa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kura mutum 144,601, kuma ba a sake wata ba tun daga nan, duk adadin da ake kawowa yau ƙiyasi ne. Ga 'yan ci-rani: a wasu wurare rani ke kwashe matasa zuwa birni, a nan rani ke kawo baƙi aikin tumatir da albasa, su tafi da abin da suka tara.

Ruwan kansa ma yana da lissafi. Abin da aka tare a Tiga, da can yana malala ne a fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman fadama ke rayuwa a kansa. Masu bincike biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun buga nazari a 1998 da ya kwatanta ɓangarorin biyu, suka samu cewa ribar manyan ayyukan ban-ruwa na sama ba ta rufe asarar da raguwar malala ke jawowa a ƙasa ba. Awon Kura kaɗai ba zai nuna wannan ba. Haka sauro da tsargiya da zaman ruwa ke kawowa, kuɗin maganinsu daga aljihun gidan yake fita. Cikin aikin ban-ruwan ma, gonar bakin kanal da gonar wutsiya ba ɗaya ba ne, matsakaicin adadi yana rufe tazarar da ke tsakaninsu.

Tun bayan shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda ya gyara kanal-kanal ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, mai awo ya samu wata sabuwar madogara: rajistar ƙungiyoyin, mai ɗauke da sunan manomi, faɗin gonarsa da kuɗin ruwan da ya biya. Tana da amfani matuƙar ana sabunta ta kowace kaka, domin gonaki da yawa a hannun 'yan haya da masu jingina suke, kuma mai suna a littafi ba lallai ne shi ya tsaya cikin taɓo ya yi dashen ba.