Bishiyoyin Balan da taswirar sama take tsallakewa

Duk wanda ya bar Wudil ya kama hanyar Gaya a tsakiyar rani, bayan an kwashe amfani an tara kara, abin da idonsa zai fi gani bishiyoyi ne. Wurin gonaki ne, amma kusan kowace gona da nata: ga ɗorawa, ga tsamiya, ga kuka tsirara babu ganye ko ɗaya, ga gawo ya yi kore shar a lokacin da komai ya bushe, ga darbejiya ta jeru a bakin hanya da bayan gidaje. Haka ƙasar take a Balan, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gaya, haka kuma take har mutum ya shiga ƙauyukan Ajingi.

Amma idan mai karatu ya buɗe irin taswirar da ake nuna dazuzzukan duniya da ita a intanet, kamar ta Global Forest Watch, ya nemo wannan yanki, kusan fili zai tarar. Ɗorawar da kakarsa ta yi shekaru tana cin moriyar kalwarta, a can sama kamar ba a taɓa yin ta ba.

Dalili na farko yana cikin yadda na'urar take gani. Tauraron ɗan'adam na Landsat, wanda Amurka ta harba na farkonsa a 1972, yana kasa ƙasa gida-gida kamar gurbin dara. A na zamanin nan kowane gida mita 30 ne a tsaye, mita 30 a kwance, wato hekta guda ba ta wuce gida goma sha ɗaya ba. Duk abin da ke cikin gidan launi ɗaya yake zama. Idan tsamiya ɗaya ce tsaye a tsakiyar gonar gero, yashin da ke kewaye da ita ya rinjaye ta, sai kwamfuta ta rubuta "gona" ta wuce. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, gidansa mita 32 ne, don haka shi ma idonsa ɗaya da na Landsat. Sentinel-2 na Turai, wanda ya fara aiki a 2015, ya rage gidan zuwa mita 10. An samu ci gaba, amma har yanzu matashin gawo yakan ɓace a ciki.

Dalili na biyu ma'ana ce. A wurin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kafin a kira wuri daji sai ya wuce rabin hekta, bishiyoyinsa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasa, kuma ba noma ne babban aikin da ake yi a wurin ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi kaɗai ya isa ya fitar da gonakin Gaya daga lissafi. A jihar Kano dajin Falgore da ke kudu shi ne irin wurin da ya cika sharuɗɗan.

Wani zai ce to mene ne, ai bishiyar tana nan ko an rubuta ta ko ba a rubuta ba. Matsalar ita ce abin da ba a ƙirga ba, ranar da aka sare shi babu littafin da zai nuna an yi asara. Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ya shafa, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a ƙarshen 2021. Manyan ayyuka irin waɗannan da taswira suke fara duba inda ƙasa ta lalace da inda za a dasa. Taswirar da ta ga gona a matsayin fili sai ta sa hankali ya koma kan dashen sabbin tsirrai, alhali tsofaffin da ke ciyar da gida su ne a bakin gatarin masu gawayi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan. Tun daga 1983 manoman Maraɗi suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, abin da suke kira sassaben zamani. Kusan shekara 20 duniya ba ta lura ba. Sai da Gray Tappan, masani a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya jera hotunan jirgin sama na 1975 kusa da sababbin hotuna masu kaifi, sannan aka gane cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin bishiyoyi, kimanin miliyan 200.

A Kano ma Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nuna cewa yawan jama'a a karkarar da ke kewaye da birni bai cinye bishiyoyin gona ba, domin manomi yana tsaron tasa kamar yadda yake tsaron akuyarsa. Binciken da Muhammad Usman da Janet Nichol suka wallafa a 2018, inda suka gwada tsofaffin hotuna da sababbi, ya nuna bishiyoyin gonakin Kano ƙaruwa ma suka yi. Sai dai da suka shiga ƙauyuka suka tambayi mutane, sai ta bayyana cewa darbejiya ce ta fi yaɗuwa, irin na gado kuwa suna ja da baya.

A nan ne matan gida suka fi na'ura sani. Daga sama, kan darbejiya da kan ɗorawa duk kore ne. A madafa kuwa ɗaya itace da inuwa ce, ɗaya daddawa ce, kuɗin cefane ce. Mai yin daddawar da a da take samun kalwa a gonar mijinta, yanzu sai ta saya a kasuwa ko ta koma waken suya, ta riga taswira sanin abin da ya ragu.

Lokacin ɗaukar hoto ma yana da nasa rikici. Da damina gero da dawa sun rufe ƙasa, komai kore, ga girgije. Shi ya sa masu ƙirga suka fi son hoton farkon rani. Wannan ya yi wa gawo daɗi, tunda shi da damina yake zubar da ganye ya fitar da rani, amma kuka a lokacin ta tuɓe, sai inuwar rassanta kawai. Hazon hunturu kuma ya zo ya dushe sauran.

Idon na'ura dai yana ƙara buɗewa. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa suka yi amfani da hotunan da gidansu bai wuce rabin mita ba, suka koya wa kwamfuta gane kan bishiya ɗaya-ɗaya, suka ƙirga biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, inda ake zaton hamada ce zalla. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, aka samu biliyan 9.9.

Ɗan Balan mai waya a hannu ba sai ya jira masana ba. A Google Earth akwai wurin komawa hotunan shekarun baya. Ya nemo gonar gidansu, ya zauna da mahaifinsa ko kakarsa su bi ɗigon bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, su gaya masa sunan kowace, da wadda aka sare da shekarar da aka sare ta. A irin hotunan nan akan ga shatin burtali da yadda gonaki suka matse shi, abin da zai yi wa dagaci amfani ranar da manomi da makiyayi suka zo gabansa kowa na rantsuwa cewa iyakar a can take.