Inda gaggawa ba ta da kasuwa

Tun 1987 Najeriya ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin sa-kai na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, a ƙarƙashin shirin TAC. Mai tafiya yakan cika jaka da takardun shaida da jadawalin aiki. Jadawalin nan shi ne yake fara shan kashi.

A Zanzibar, idan shugaban makaranta ya ce a haɗu ƙarfe biyu na safe, takwas yake nufi. Masu jin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, saboda haka bakwai ta safe ita ce ƙarfe ɗaya. Habasha ma haka suke, har da ƙarin kalanda mai wata 13: goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, sai ɗan auta mai kwana biyar ko shida. A Satumbar 2007 suka yi bikin shiga shekara ta 2000.

A Fiji kuwa ba a faɗa wa ƙauye kai tsaye. Baƙo zai riƙo saiwar wani tsiro da ake kira kaba ya miƙa wa mai gari, kamar dai yadda muke kai goro, a yi jawabi, a karɓa. Daga nan a jiƙa garin saiwar a babban akushi, a zauna kan tabarma, ƙoƙon kwakwa ya riƙa zagayawa. Tafi ɗaya kafin ka sha, uku bayan ka shanye. Abin yana sa harshe ya yi nauyi, jiki ya mutu, hira kuma ta miƙe har dare. Injiniyan da ya zo auna rijiya zai ga yini ya tafi a banza. Ni dai ban ga banza a nan ba: wanda bai zauna tabarmar ba, ko ya haƙa rijiyar, da wuya ya sami mai kula masa da ita bayan ya tafi.

Tonga ta sa hutun Lahadi cikin kundin tsarin mulkinta na 1875. Kantuna a rufe, jirgin fasinja ba ya sauka, kuma a 2016 aka haɗa da masu gidan burodi, waɗanda a da ake ɗaga wa ƙafa.

A Tubalu, filin jirgin Funafuti da Amurkawa suka gina lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ne dandalin gari. Jirgi 'yan lokuta yake zuwa a mako. In ya tunkaro sai a busa jiniya a watse, da yamma kuma matasa su dawo da ƙwallonsu.

Wai har auna gaggawar mutane an yi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Levine, ya gwada saurin rayuwa a ƙasashe 31, da ma'auni uku: saurin masu tafiya a ƙafa, daɗewar sayen kan sarki a gidan waya, da daidaiton agogunan bankuna. Suwizalan ta zo ta ɗaya, Meziko ta riƙe wutsiya. Babu tsibirin Fasifik ɗin nan ko guda a jerin, da Meziko ta sami abokin zama.

A ƙauyukan Samowa da yawa, in magariba ta gabato ana busa ƙahon kodi ko a kaɗa ƙararrawa, kowa ya shige gida addu'a na minti goma zuwa ashirin. Baƙon da abin ya riska a hanya sai ya nemi wuri ya zauna. To amma mutanen nan da ba sa gaggawa su ne suka taɓa tsallake yini sukutum. Don ranakun aikinsu su dace da na Ostireliya da Niyu Zilan, sun kwanta daren Alhamis 29 ga Disamba 2011, suka wayi gari Asabar 31. Juma'ar ba ta zo ba, amma gwamnati ta ce a biya ma'aikata kuɗinta.