Mai Wayarin da Odar Tsohuwar Bitil

Direban da motarsa ba ta da oda a hanyar Dutsi ran kasuwa yana cikin wahala. Ga amalanken shanu, ga 'yan acaɓa, ga awaki masu tsallaka titi ba sallama. Shi ya sa wani tsohon malamin makaranta, da odar motarsa ta ɗauke, bai bari ta kwana biyu ba ya kai ta wurin mai wayarin. Can na tarar da su, na sami benci na zauna ina kallo.

Motar Volkswagen ce, irin wadda ake kira Bitil, mai inji a baya, batir a ƙarƙashin kujerar baya, wadda iska ke sanyaya injinta, ba ruwanta da lagireto. A Legas aka riƙa haɗa irinta tun 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara fitar da Fijo 504. Zamanin ne ma'aikata suka sha ƙarin albashin Udoji, ga kuma bashin mota daga gwamnati, malamai da akawuna da dama suka hau ƙafa huɗu. An daina haɗa ta a Najeriya tuntuni, ta ƙarshe a duniya ma a 2003 ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko. Mai neman kayanta yau a Dutsi ko Daura, amsa ɗaya zai yi ta ji: babu.

Shagon rumfar kwano ce da akwatin ƙarfe guda. Kayan aikin ba su da yawa: filaya, sukundireba, 'yan sifanoni, sandfefa, dalma, salatif, sai wani ƙwan fitila da aka ɗaura wa waya biyu. Da wannan ƙwan ake farautar wuta. Inda ya kama, wuta ta iso. Inda ya ƙi, a nan ake tsayawa a yi bincike.

Bai fara da sitiyari ba. Fiyus ya duba tukuna, lafiyarsa lau. Sannan ya sa yaronsa ya kwanta ƙarƙashin gaban motar ta hagu ya kwanto odar kanta, aka jona ta da batir kai tsaye. Ta yi wata 'yar ƙara kamar akuya mai mura. Ya goge bakin wayoyinta, ya ɗan murza wani ƙaramin noti da ke bayanta wanda ke daidaita muryarta, ya sake jonawa. Sai da na zabura.

"Malam, odarka da ranta," in ji shi. "Ciwon yana sama."

Abin da ya bayyana mini ke nan yana kwance sitiyarin. A irin wannan mota wuta tana nan tsaye a jikin oda, jiran hanyar komawa kawai take yi. Maɓallin da direba ke dannawa aikinsa ya haɗa wayar da jikin ƙarfen mota, da'ira ta cika, oda ta yi kuka. Saboda haka dole ƙarfe biyun nan su kasance kusa da juna amma kada su taɓa sai an danna. Ƙananan sifirin ne ke ɗage su, 'yan zobban roba kuma su raba kusoshi da ƙarfen. In sifirin ya mutu ko roba ta cinye, ɗayan biyu ne: ko oda ta yi shiru, ko ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa da an karya kwana, direba ya shiga uku a tsakiyar kasuwa.

Da aka buɗe, sifirin biyu cikin uku sun ɓata, robobin sun zama gari, ƙarfen da ke karɓar taɓawar ya cinye, ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta haɗu da tsohon giris ta daskare.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ita aka fi bi. A sayi maɓallin babur, a huda gaban mota a dasa shi, a ja waya, an gama. Rabin tsofaffin akori-kurar da ke jigilar kaya kasuwannin ƙauye haka aka yi musu. Malamin ya ce shi dai a mayar masa inda take, mai wayarin kuma ya goyi bayansa, ni ma haka. Hannun da ya shekara arba'in yana kaiwa tsakiyar sitiyari ba zai tuna da wani maɓalli a gefe ba ranar da yaro ya faɗo titi. Fijo 504 ma, in ji mai wayarin, odarta daban ce, a ƙarshen sandar da ke gefen sitiyari Faransawa suka sa ta, kuma direban da ya saba da ita can hannunsa ke zuwa.

Sai ya jawo wani tsohon gwangwanin madara ya juye a kan buhu. Nan jarinsa yake: kusoshi, guntayen tagulla, sifirin iri-iri da ya ciro daga matattun kikstata da janareto. Ya yi ta gwadawa da ɗan yatsa. Na biro ya yi laushi, girgizar hanya kaɗai za ta sa oda ta tashi. Wani ya yi tauri, tsoho zai sha wahalar dannawa. Da ya sami uku masu ƙarfi ɗaya, ya datse su tsawo ɗaya da filaya. Zobban roba kuwa daga tiyon fetur ya yanko su da reza, siri-siri. Madadin ƙarfen da ya cinye, ya ɗauko ƙafar wani ƙonannen fulogi mai ƙafa uku, ya buge ta da guduma ta baje, ya goge da zarto har ta yi sheƙi. Ba wutar lantarki ranar, don haka a kan garwashin mai shayi aka gasa ƙarfen liƙi, aka narka dalma aka kama wayar. Ya shafa giris kaɗan, kamar mai sa kwalli.

Na tambaye shi ko ba a samun na ainihi. Ya ce wataƙila a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, in an dace da wanda ya farke irin motar. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Kano ta Kazaure da dawowa ya ninka kuɗin abin da za a sayo, kuma ana iya zuwa a dawo hannu rabbana. Da can a bayan gareji ake samun gawar mota a ciri abin da ake so. Yanzu 'yan gwangwan sun kwashe su a kilo, an kai kamfanonin narka ƙarfe.

Samun sana'ar ba tabbas. Ba a rubuta farashi, ciniki ake yi, kuma mai mota yakan auna kuɗin aiki da girman abin da ya gani an sa. Ya ga sifirin uku da guntun tiyo, ina zai yarda wuni guda ya tafi a kansu? Ga bashi, don yawancin masu kawo aiki 'yan gari ne, wani suruki, wani abokin sallah. Cikin abin da aka samu za a sayi dalma da salatif, a ba yara biyu na abinci, a biya kuɗin ƙungiya. Cajin batir da gyaran fitilun babura su ke riƙe gidan kullum. Sababbin motoci kuma, masu kwamfuta a ciki, sai da na'urar da ake jonawa ta karanto ciwon, ƙwan fitilarsa ba ya jin yarensu. Babban yaronsa ya fara maganar tafiya Katsina ya koyo wannan.

Ana kiran la'asar aka ɗaure sitiyari. Ya sa malamin ya karya shi dama har ƙarshe, ya karya hagu, ba motsi. Sannan ya ce, "To Malam, bismillah." Malam ya danna, kajin da ke kiwo gindin rumfar suka watse.

"Nawa zan kawo?"

"Haba Malam, kai ka koya mini baƙi a aji uku. Kawo abin da ya sawwaƙa."

Malamin ya ƙirga wasu 'yan takardu ya danƙa masa, ya ƙara wa yaron da ya kwanta a ƙasa na goro. Mai wayarin bai ƙirga ba ya cusa a aljihu, ya tattara ragowar tiyon da ƙafafun fulogin biyu ya mayar cikin gwangwani, ya ɗauki buta.