Kakar da aka tashi babu zakara: Abin da korona ta ƙwace wa 'yan wasan makarantu

Ranar Litinin, 23 ga Maris, 2020, aka rufe makarantu a jihohin Arewa maso Yamma saboda annobar korona. Gwamnonin yankin sun ce hutun na kwana 30 ne. Ɗaliban kwana da suka dawo gida Rimaye da Kankiya da Kusada da akwatunansu sun zaci kafin damina ta kankama za su koma.

Rufewar ta faɗo ne a ƙarshen zango na biyu, wanda a makarantu da yawa shi ne lokacin gasar gida-gida: tsere, dogon tsalle, ƙwallon ƙafa, da ranar raba kyaututtuka da iyaye ke halarta. Wasu makarantun sun riga sun kammala tasu. Wasu kuwa an tashi ana tsakiyar shiri.

Yawancin manyan gasannin da annobar ta dakatar an dawo an buga su, ko an raba gurabensu a kan tebur. Ɗalibin da yake ajin ƙarshe a shekarar shi ne bai samu ramuwa ba, domin kafin a sake buɗe fili ya riga ya bar makaranta.

Kwana 30 da ya zama watanni

A kwanakin nan babu mai zancen wasa a Jihar Katsina. A ƙarshen Maris ɗin, zanga-zanga kan dakatar da sallar Juma'a ta kai ga ƙona ofishin 'yan sanda a Kusada. A farkon Afrilu aka sanar da rasuwar wani likita a Daura, wanda shi ne mutum na farko da aka tabbatar cutar ta kama a jihar, aka kuma kulle garin.

Gidajen kallon ƙwallo ma ba su da abin nunawa. Ingila ta dakatar da gasar Firimiya ranar 13 ga Maris, ba ta dawo ba sai 17 ga Yuni.

Da aka fara buɗe makarantu a watan Agusta, 'yan ajin ƙarshe kawai aka kira, su ma don jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Sun zo, sun rubuta, sun tafi. Sauran azuzuwan ba su jima da komawa ba aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba, gwamnatin jihar ta sake rufe makarantu. A irin wannan hali, shugaban makarantar da ya ce a ajiye karatu a yi tsere zai sha tambaya daga iyaye.

Manya sun raba gurabe da lissafi

Ƙungiyoyin ƙwararru su ma annobar ta same su, amma suna da tebur da alƙaluma. An dakatar da gasar Firimiyar Najeriya a watan Maris bayan mako na 25. Plateau United ce a sama da maki 49, Rivers United na biye da ita da maki 45. Enyimba tana da maki 36, sai dai wasa 20 kawai ta buga, tana da kwantai biyar saboda wasannin da take yi a gasar Afirka.

A watan Yuni, ƙungiyoyi 17 daga cikin 20 suka amince a rufe kakar. Aka ce a raba makin kowace ƙungiya da yawan wasannin da ta buga. Plateau United ta tashi da 1.96. Rivers United ta tashi da 1.8. Enyimba ma 1.8.

Hausawa na cewa inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. An bai wa Enyimba matsayi na biyu da gurbin gasar Zakarun Afirka, Rivers United ta yi ta ƙorafi, daga ƙarshe ta tafi gasar Kofin Ƙalubale. Ba a bai wa kowa kofin gasar ba, kuma babu wadda ta faɗi. Katsina United da Jigawa Golden Stars da Adamawa United duk sun ci gaba da zama a rukunin manya.

Kano Pillars ta samu ɗaya gurbin na Kofin Ƙalubale ne da tsohuwar nasara. Da yake ba a buga kofin Aiteo na 2020 ba, sai aka koma kan na 2019, wanda Sai Masu Gida ta ci a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes da ci 4-3 a bugun fenareti.

An shafe wata tara babu gasar cikin gida, kuma hakan ya nuna a fili. Simba ta Tanzaniya ta cire Plateau United a zagayen share fage. Jaraaf ta Senegal ta cire Kano Pillars. Enyimba kuwa ta faɗo daga gasar Zakaru zuwa Kofin Ƙalubale, sai ga shi an haɗa ta da Rivers United a watan Fabrairun 2021. Kowace ta ci 1-0 a gida, Enyimba ta wuce a bugun fenareti. Gardamar da aka fara a kan takarda ta ƙare a fili. Rivers United ta huce haushinta a 2022, lokacin da ta lashe gasar Firimiyar Najeriya karon farko.

Ƙungiya tana iya jiran shekara biyu ta rama, tun da sunanta da filinta suna nan. Ɗalibi ba shi da wannan damar.

Shekara biyar babu gasar jami'o'i

Matashin da ya tashi daga Rimaye ya samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, idan yana da gudu ko ƙafar ƙwallo, babban dandalinsa shi ne gasar jami'o'in Najeriya da ake kira NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966. Na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman yana da NIPOGA, na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita yana da NICEGA.

An yi NUGA a Makurɗi a 2017. Ba a sake yin ta ba sai a watan Maris na 2022 a Jami'ar Legas. Ba korona kaɗai ce ta jawo tsaikon ba, tun kafin ta zo ana ɗage gasar, amma ita da yajin aikin ASUU, wanda ya ɗauki wata tara daga Maris zuwa Disamban 2020, su suka tsawaita jiran. Digiri kuwa mafi yawa shekara huɗu ne. Akwai ɗaliban da suka shiga jami'a bayan gasar Makurɗi, suka fita kafin ta Legas, ba su taɓa sanya rigar makarantarsu a gasar ƙasa ba.

Gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, wadda aka fara a 2018, ita ma ba ta taka fili a 2020 ba. An maye gurbinta da wasan ƙwallo na kwamfuta ta intanet. Da ta dawo a 2021, Jami'ar Maiduguri ce ta ɗauki kofin.

Bikin wasanni na ƙasa, inda ake fafatawa har a dambe da kokawa da langa, an ɗage shi ana saura kwanaki kaɗan a fara a Benin a watan Maris na 2020. An yi shi a Afrilun 2021. Ɗan damben da ya shirya yana iya sake shiri, domin bikin ba ya korar mutum don ya ƙara shekara ɗaya.

Gasar masu ƙayyadaddun shekaru ita ce ba ta da sauƙi. A Disamban 2020 FIFA ta soke gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ta 'yan ƙasa da 20 da aka shirya yi a 2021. A Maris na 2021 CAF ta soke ta Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a Maroko ana saura kwanaki a fara, bayan Najeriya ta samu gurbi. Najeriya ta ci kofin duniya na wannan rukuni sau biyar, kuma ta nan duniya ta fara ganin Kelechi Iheanacho a 2013 da Victor Osimhen a 2015. Yaran 2021 sun wuce shekarun ba tare da an gan su ba.

Yadda aka yi a kan ƙanƙara

A Amurka akwai wasan da ɗaliban jami'a ke yi wanda ya shiga irin wannan matsala, kuma yadda aka bi da shi ya cancanci dubawa. Shi ne hokin ƙanƙara. Ana buga shi a kan daskararren ruwa, mutum shida a kowane ɓangare, sanye da takalma masu wuƙar ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. Jami'o'i 16 ne ke shiga zagayen ƙarshe duk shekara, wanda aka doke ya koma gida.

Ranar 12 ga Maris, 2020, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ta soke gasar baki ɗaya. 'Yan ajin ƙarshe na shekarar sun tafi babu zakara, kamar dai takwarorinsu na nan.

Kafin kaka ta gaba, hukumar ta yi abu biyu. Ta ce duk ɗalibin da ya buga wasannin hunturu a kakar 2020 zuwa 2021 za a ƙara masa shekara ɗaya ta damar wasa. Sannan ta rubuta tun kafin a fara abin da za a yi idan cutar ta shiga wata ƙungiya: kafin wa'adin da aka sa, ana iya maye gurbinta da wata, bayan wa'adin kuwa abokiyar karawarta ta wuce ba tare da wasa ba.

Dokar ta yi aiki, kuma ta yi ciwo. Jami'ar St. Lawrence ta lashe kofin yankinta, washegari ta janye saboda kocinta ya kamu. An cire Notre Dame da Michigan saboda sakamakon gwaji, ita Michigan ma a ranar da za ta buga. Minnesota Duluth, wadda ta wuce a ɓagas saboda cire Michigan, ta haɗu da North Dakota da ta buga wasa a daren da ya gabata. An yi ƙarin lokaci har sau biyar kafin Duluth ta yi nasara da ci 3-2, wasa mafi tsawo a tarihin gasar.

Jami'ar Massachusetts ta buga wasan kusa da na ƙarshe babu 'yan wasanta huɗu, har da babban mai tsaron gida, ta kuma cire Duluth. Ranar 10 ga Afrilu, 2021, a birnin Pittsburgh, ta lallasa St. Cloud State da ci 5-0, ta ɗauki kofin karon farko. Waɗanda aka cire sun ji zafi, amma kowa ya san dokar tun kafin ta hau kansa.

Amfanin lambar yabo

Wani bambancin shi ne na kyautar gwarzo. A 2020 mujallar France Football ta fasa ba da Ballon d'Or, karon farko tun 1956, kuma har yau masu kallo na cewa an tauye Robert Lewandowski. CAF ma ba ta zaɓi gwarzon Afirka a shekarar ba.

Masu hokin jami'a ba su fasa tasu ba. Kyautar Hobey Baker, wadda ake bai wa ɗalibin da ya fi kowa tun 1981, an ba Scott Perunovich na Minnesota Duluth a 2020 duk da an soke gasar, bisa wasannin da aka riga aka buga. A 2021 Cole Caufield na Wisconsin ya karɓa bayan ya ci 30 a wasa 31. Watanni kaɗan bayan haka yana buga wasan ƙarshe na gasar ƙwararru da ƙungiyar Montreal.

Lewandowski bai rasa aiki ba don an hana shi kyauta, duniya ta riga ta san shi. Yaron da ya fi kowa gudu a makarantar sakandare a ƙasar Kankiya kuwa, takardar yabon da za a miƙa masa ranar rufe gasa ita ce sau da yawa kaɗai shaidar da zai nuna wa malamin wasanni na jami'a ko mai zaɓen tawagar jiha. Babu kyamarar talabijin a filinsu. Idan ba a rubuta ba, sai dai abokansa su riƙa ba da labari a majalisa.

Tun ran gini, ran zane

Annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 2014 Ebola ta sa an jinkirta komawa makarantu a Najeriya, ta kuma sa gasar Afirka ta 2015 ta bar Maroko ta koma Equatorial Guinea. Sanƙarau yana zuwa da bazara, kwalara da damina, mashaƙo ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Wata rana za a sake rufe makaranta ana tsakiyar gasa.

Abin da za a iya tanada ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Masu shirya kofin shugaban ƙaramar hukuma ko gasar tsakanin makarantu za su iya rubuta wa kowace ƙungiya tun ranar rajista yadda za a fitar da zakara idan an tsaya a rabin hanya. Malamin wasanni zai iya ajiye littafi mai ɗauke da sunan yaro da lokacin da ya yi a tsere da ƙwallayen da ya ci, a ba shi takarda ko da ba a yi biki ba. Hukumomin gasa masu ƙayyade shekaru kuma suna da misali a gabansu: da aka ɗage gasar Olamfik ta Tokyo zuwa 2021, an ɗaga iyakar shekarun 'yan ƙwallo daga 23 zuwa 24, domin kada jinkirin ya kori waɗanda suka sha wahalar samo gurbin.

Waɗanda suka bar sakandare a 2020 yanzu sun kama harkokinsu, wasu a jami'a, wasu a kasuwa ko gona. Tasu kakar ba za ta dawo ba. Ƙannensu ne ke cikin fili a yanzu, kuma har yanzu akwai lokacin rubuta musu dokar kafin a busa usur.